Ƙiyasi, kima da kintace: kalmar “estimate” da danginta a Ingilishi, Ibrananci da Girkanci

Mai tsara littafin lissafi na karatun manya, da mai juya takardun ma'aikatar noma daga Faransanci zuwa Hausa, dukansu suna cin karo da kalmar “estimation”. Ingilishi ma yana da ita, tare da ƴar'uwarta “estimate”, kuma ta hanyar rahotannin hukumomin duniya take shigowa ofisoshin Yamai kullum. In aka nemi takwararta a Hausa sai kalmomi su taru: ƙiyasi, kimantawa, ƙaddarawa, kintace, kirdado. Akan ɗauki wadda ta fara zuwa baki. Amma adadin da aka kira kintace, manomi ba zai ɗora shawararsa a kansa ba, wanda kuwa aka kira kima zai ɗauke shi abin da aka yanke, ya zo neman cikonsa in ya kasa. Saboda haka ya kamata a san ayyuka nawa ne wannan kalma ɗaya take ɗauke da su. Hanya mai sauƙi ta ganin haka ita ce a bi tarihinta, a kuma aza ta gefen tsofaffin harsuna biyu, Ibrananci da Girkanci, waɗanda aka daɗe ana fassara kalmominsu da ita.

Asalinta a harshen Latin

Kalmar ta fito daga aikatau na Latin, “aestimare”, watau a sa wa abu kuɗi. Masana da dama suna danganta shi da “aes”, tagulla, wadda ita ce kuɗin Rumawa na farko. A shari'ar Roma kalmar tana da nauyi. Hukuncin alƙali a ƙarar dukiya da kuɗi yake fita, ko da abin da ake jayayya a kansa gona ce ko dabba, kuma mayar da abin zuwa kuɗi shi ake kira “litis aestimatio”. Adadin da ya fito daga bakin alƙali shi za a biya, babu ragi.

Daga wannan tushe ɗaya Ingilishi ya sami kalmomi uku waɗanda mai magana da harshen a yau ba ya jin dangantakarsu. Ta farko “esteem”, girmama mutum, wadda ta biyo ta Faransanci “estimer”. Ta biyu “estimate”, wadda aka ɗauko kai tsaye daga Latin a ƙarni na 16. Ta uku ita ce mafi ban mamaki: “aim”, saita kibiya ko bindiga a kan abin harbi. Ta shigo ne daga tsohon Faransanci “esmer”, kuma a Ingilishin ƙarni na 14 ma'anarta lissafawa da ƙiyastawa. Maharbi yana ƙiyasta nisa kafin ya saki kibiya, da haka ma'anar ta gusa. Faransanci bai raba biyun farko ba. Da “estimer” ake sa wa gida kuɗi, da ita ake girmama dattijo, kuma matuƙin jirgin ruwa da ke gano inda yake ta hanyar lissafin gudu da lokaci, ba tare da ya ga gaɓa ba, yana tafiya ne “à l'estime”.

Abin lura shi ne inda “estimate” ta ƙare. Magini a Ingila in ya ba da “estimate”, yana nufin adadin da yake zato, wanda zai iya hawa ko sauka. In ana son adadin da ya ɗaure shi, “quotation” ake nema. Kalmar da ta fara da hukuncin alƙali ta koma adadin da ba ya ɗaure kowa.

Ibrananci: jerawa kafin sa kuɗi

A fassarar Littafi Mai Tsarki ta Ingilishi ta 1611 kalmar “estimation” ta cika babi na 27 na Littafin Firistoci, na uku a littattafan Attaura. Masu fassarar sun bi sawun Jerom, wanda ya yi amfani da “aestimatio” a fassararsa ta Latin wajen shekara ta 400. Kalmar Ibranancin da ke ƙarƙashi ita ce “‘erek”, daga tushe mai baƙaƙe uku, ‘-r-k. Baƙin farko shi ne ainun na Larabci.

Ma'anar wannan tushe ta asali ba ta shafi kuɗi ba. Aikatau “‘arak” shi ne jera abubuwa sahu-sahu. Da shi ake jera itace a kan bagade, da shi ake shirya abinci a gaban baƙo, da shi sojoji ke jan daga. “Ma‘araka” ita ce sahun yaƙi. A Littafin Ayuba ana jera hujjoji da shi a gaban mai shari'a. Daga jerawa aka sami kwatantawa, domin abin da aka aza gefen wani ana ganin wanda ya fi. Daga kwatantawa kuma aka sami sa kuɗi: a ajiye abu a gefe guda, azurfa a ɗaya gefen. Siffar aikatau mai sa aiki, “he‘erik”, ita ke nufin yanke wa abu kima, kuma da ita aka ba da labarin harajin da sarki Yehoyakim ya aza wa ƙasar Yahuza don ya biya Fir'auna, kowa gwargwadon abin da aka yanka masa.

Babi na 27 yana magana ne a kan wanda ya yi wa'adin keɓe mutum, ko dabba, ko gida, ko gona ga Ubangiji, sa'an nan ya biya kuɗi a maimakonsu. Game da mutane, jadawali ne aka shimfiɗa, da shekel na azurfa, wanda nauyinsa ya kai kimanin giram 11. Daga shekara 20 zuwa 60, namiji shekel 50, mace 30. Daga shekara 5 zuwa 20, namiji 20, mace 10. Daga wata ɗaya zuwa shekara 5, namiji 5, mace 3. Daga 60 zuwa sama, namiji 15, mace 10. Babu wanda ya dubi mutumin ya yi zato. Shekaru da jinsi kawai ake tambaya, adadi ya fito. Sai fa matalauci, wanda aka ce a kai shi gaban firist ya yanka masa daidai ƙarfinsa.

Mai karatun Ingilishi na yau, da ya ga “estimation” a nan, zai ɗauka ana nufin adadi na kusa-kusa. Wannan kuskure ne wanda sauyin harshe ya haifar, shi ya sa fassarar 1952 ta koma ga “valuation”. Mai fassara zuwa Hausa da ya dogara ga tsohon Ingilishin ya rubuta kintace a nan ya juya maganar ke nan.

Dabba da gida ba su da jadawali. Firist ne ke duba su, ya ga kyansu da aibinsu, ya faɗi kuɗi, kuma mai son ya fanshe su sai ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. A nan akwai wata kalma da ta cancanci a tsaya a kanta. Nassin ya ce abin da firist ya yanka wa gida shi ke tsayawa, kuma aikatau ɗin shi ne “yaqum”, daga tushen q-w-m. Wannan tushe shi ne na “qama” a Larabci, tsayuwa, wanda ya ba da “qima”, wadda Hausa ta ara ta zama kima. Ashe kimar abu ita ce inda kuɗinsa ya tsaya. Bahaushe ma in ciniki ya faɗa yakan ce an tsaya a kan kaza.

Gona kuwa da iri ake auna ta. Filin da zai ci homer ɗaya na irin sha'ir, shekel 50 ne in an keɓe shi a shekarar ƴanci, wadda ke zagayowa kowace shekara hamsin. In bayanta ne, sai a rage gwargwadon shekarun da suka saura. A daidai wannan wuri nassin ya canja aikatau. Bai ce firist ya yanka ba, ya ce ya lissafa, “hishab”, daga tushen h-sh-b. Takwaransa a Larabci shi ne “hasaba”, wanda ya ba Hausa hisabi, ya kuma ba ta lissafi ta hanyar “al-hisab”. Babi ɗaya ya rarrabe ayyuka uku: karanta adadi daga jadawali, yanke kima da ido, da fitar da adadi ta lissafi.

Ga masu nazarin ƙirar kalma akwai wani abin sha'awa. A babin, kalmar takan zo da ɗafa-ƙeya na mallaka, “‘erkeka”, watau kimarka. Amma ɗafin ya daskare har ya daina aiki: a aya ta 23 an sa wa kalmar ɗafa-goshin tantancewa “ha-” alhali ɗafa-ƙeyan yana nan, abin da nahawun Ibrananci ba ya yarda da shi. Alama ce ta kalmar ofis wadda aka yi ta maimaitawa har ta zama dunƙule ɗaya. Masu fassarar 1611 sun bi ta harafi da harafi, suka riƙa sa wakilin suna a inda ba a nufin kowa.

Malaman Yahudawa sun ga bambancin sarai. A Mishna, wadda aka tattara wajen shekara ta 200 Miladiyya, akwai sashe guda mai suna Arakin. A can an raba “‘erek”, adadin jadawali, da “damim”, kuɗin da mutum zai yi in da za a kai shi kasuwa. Mafi kyawun mutane da mafi muninsu, in shekarunsu ɗaya, “‘erek” ɗinsu ɗaya, a “damim” ne suke rabuwa. Ƙiyasi na ido kuma yana da tasa kalma dabam, “omed”, wadda ta ba Ibranancin yau “omdan”. Duk da haka tushen ‘-r-k bai tsira daga abin da ya sami “estimate” ba. A yau “be‘erek” tana nufin kimanin, “ha‘araka” kuma tana ɗauke da kimantawa da girmamawa gaba ɗaya. Tsohuwar ma'anar jerawa tana nan a sunan littafin fiƙihun da Yusuf Karo ya wallafa, Shulhan Aruk, watau teburin da aka shirya, wanda aka buga a birnin Benis a 1565, tana kuma nan a cikin ƙamus, inda kowace kalma da bayaninta ake kiranta “‘erek”.

Girkanci: kowane aiki da kalmarsa

Sa'ad da Yahudawan Iskandariya suka juya Attaura zuwa Girkanci a ƙarni na 3 kafin Miladiyya, sun zaɓi “timē” a madadin “‘erek”, da aikatau “timaō” a madadin “he‘erik”. Zaɓin ya dace. “Timē” ita ce farashi, ita ce kuma girma. Kusan daidai take da kima a Hausa, inda ake cewa kimar kaya, ake kuma cewa mutum mai kima.

A Atina wannan kalma ta shiga tsarin mulki. Solon, wajen shekara ta 594 kafin Miladiyya, ya kasa ƴan ƙasa gida huɗu bisa “timēma”, kimar abin da gonarsu ke bayarwa a shekara: masu awo 500, masu 300, masu 200, da waɗanda suka kasa haka. Awon hatsi, “medimnos”, ya kai kimanin lita 52. Muƙamin da mutum zai iya riƙewa ya rataya ne a kan ajinsa. Daga nan kalmar “timokratia” ta sami fuska biyu: Aflatun ya ɗauke ta mulkin masu son girma, Aristotal ya ɗauke ta mulkin da aka gina a kan kimar dukiya. Kowanne yana da gaskiya ta fuskar harshe.

A kotu ma haka. A wasu ƙararraki, in an sami mutum da laifi, mai ƙara ya faɗi horon da yake ganin ya dace, wanda ake ƙara ya faɗi nasa, masu shari'a su zaɓi ɗaya. Wannan mataki sunansa “timēsis”. A shari'ar Sokratis ta shekara ta 399 masu ƙara sun nemi kisa, shi kuma, bisa labarin Aflatun, ya ƙare da tayin tarar mina 30. Aka zaɓi kisa. Kima ce irin ta alƙalin Roma, wadda in ta fito ta ɗaure.

Lissafi tsantsa yana da nasa kalmomi. Akwai “logizomai”, ƙidayawa da tunani. Akwai “psēphizō”, daga “psēphos”, tsakuwa, domin da tsakuwoyi ake ƙirga, da su kuma ake jefa ƙuri'a. Ita ce a Linjilar Luka inda ake maganar mai son gina hasumiya da ya kamata ya zauna ya lissafa abin da za ta ci kafin ya sa harsashi. A Ayyukan Manzanni an haɗa ta da “timē” a jimla ɗaya: littattafan sihirin da aka ƙone a Afisa an tara kuɗinsu ya kai azurfa 50.000.

Abin da Ingilishin yau yake nufi da “estimate”, watau adadin da ba a ƙirga ba amma aka kai gare shi da dalili, Girkanci ya ba shi “eikazō”. Tushenta ɗaya da “eikōn”, siffa ko hoto: a kamanta abin da ba a sani ba da wanda aka sani. Hausa ta bi wannan hanya da kalmar misali, inda “misalin ƙarfe biyu” ke nufin wajen ƙarfe biyu. Ƙiyasi ma haka yake a asalinsa na Larabci, auna abu da wani abu, kuma da wannan ma'ana malaman fiƙihu suka san shi.

Tusididis ya bar misali wanda ya fi kowane bayani. Sparta da ƙawayenta sun kewaye garin Platiya da ganuwar tubali. A lokacin sanyi na shekara ta 428 kafin Miladiyya, waɗanda ke ciki suka ƙudura tsallakewa, amma sai sun san tsawon tsanin da za su haɗa, ga shi ba su iya kusantar ganuwar. Suka sami gefen da ba a shafe ba, mutane da yawa suka ƙirga sahun tubali daga nesa, kowa ya maimaita. Sun san wasu za su kuskure, amma mafi yawa za su dace da adadi ɗaya. Suka ɗauki wannan adadi, suka haɗa da kaurin tubali guda, suka sami tsayin. Mutum kusan 220 suka fita, 212 suka isa Atina. Ga matakin ƙarshe, daga kaurin tubali zuwa tsayin ganuwa, marubucin ya yi amfani da “eikazō”. Babu wanda ya hau ganuwar da igiya, amma babu mai kiran abin da suka yi kirdado. An ƙirga abin da ke ƙirguwa, an maimaita don rage kuskure, an bi dalili zuwa abin da ba a iya taɓawa.

Saura kalma ɗaya, “stochazomai”. Asalinta saita harbi a kan “stochos”, abin da ake bara, daga baya ta koma zato mai dabara. Ta bi hanyar “aim” ke nan a juye: waccan ta tashi daga ƙiyasi ta koma harbi, wannan ta tashi daga harbi ta koma ƙiyasi. Hausa ta riƙe duka biyun a kalma ɗaya, domin da auna ake auna hatsi, da ita kuma maharbi ke auna barewa. Yakubu Bernoulli ya ɗauko kalmar Girkancin a littafinsa kan lissafin yiwuwa da aka buga a 1713, kuma tana nan a harsunan Turai da siffar “stochastic”. Girkancin yau kuwa ya yi abin da Faransanci ya yi: “ektimisi”, daga “timē”, tana nufin ƙiyasi da girmamawa duka.

Ma'anar masu ƙididdiga

A ƙarni na 20 “estimate” ta sami ma'ana ta musamman. Tun daga aikin Fisher na 1922 da na Neyman na 1937, masu ilimin ƙididdiga suna nufin adadin da aka fitar daga samfuri ta hanya sananniya, tare da faɗin iyakar da ake sa ran gaskiya tana ciki. Wannan ita ce ma'anar da ke cikin rahotannin yawan jama'a da na amfanin gona. An ƙidaya mutanen Nijar a 1977, da 1988, da 2001, da 2012. Adadin da ake bayarwa ga kowace shekara tsakanin waɗannan ba a ƙirga shi gida-gida ba, an fitar da shi ne daga ƙidayar da ta gabata da saurin ƙaruwa. Irin aikin mutanen Platiya ne.

Zaɓi a littafin karatun manya

Hausa ta fi kusa da tsohon Girkanci a wannan fage, domin tana da kalma ga kowane aiki, kuma asara ce a narkar da su don a yi daidai da kalmar Faransanci guda. Inda hukuma ko dillali ko alƙali ya sa wa abu kuɗi, kamar rabon gado ko diyyar gonar da hanya ta ci, kima da kimantawa su ne a wurinsu. Inda adadi yake a rubuce tun da farko, kamar jadawalin Littafin Firistoci ko kuɗin haraji, ƙayyadewa ce, ba a ma shiga maganar kimantawa ba. Ƙiyasi da ƙiyasta sun dace da adadin masu ƙididdiga, saboda mai jin Hausa ya riga ya san ƙiyasi yana da asali da ake aunawa da shi. Manomin Maraɗi da ya dubi zangarniya, ya tuna damin da gonar ta ba shi bara, ya ce bana za ta yi ɗari da ashirin, ƙiyasi ya yi. Kintace da kirdado a bar su ga zaton da ba a iya nuna dalilinsa. Ƙaddarawa tana da ma'anar sa kuɗi a tsohuwar Hausa, amma ƙaddara ta addini ta rinjaye ta a kunnen yawancin masu karatu, don haka ba ta da amfani a darasin lissafi.

Wahala ɗaya ta rage, ita ce kimanin. Daga kima ta fito, amma ta zame zuwa ma'anar kusa-kusa, kamar yadda “be‘erek” ta zame daga “‘erek”. A darasi ɗaya ana iya samun “kimar buhu jikka goma sha biyar” da “kimanin buhu goma sha biyar”, na farko tsayayye, na biyu mai motsi, kuma sabon mai karatu yana ganin baƙaƙe iri ɗaya a farkonsu. Gara a raba su a darussa dabam, ko a sa wajen ko misalin a wurin kimanin har sai an koyar da kima. Akwai kuma batun rubutu. Harafin ƙaf na Larabci yakan shigo Hausa wani lokaci da ƙ, kamar a alƙali, wani lokaci da k, shi ya sa ake ganin kima da ƙima, kiyasi da ƙiyasi, a takardun ofis ɗaya. Kwamitin da zai tsayar da kalmomin lissafi sai ya tsayar da wannan ma, ya fara da sauraron yadda ake furta su a kasuwannin Damagaram, Tawa da Maraɗi.